Katina ya ce AA, jinina ya ce AS

Shekara goma sha ɗaya ina ajiye da wani ɗan kati a jakar takarduna, tare da takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa. An ba ni shi ne lokacin da zan shiga makarantar kwana, ranar da aka jera mu a baranda kusan mu ɗari ana soka mana allura a yatsa ɗaya bayan ɗaya. A jikinsa an rubuta rukunin jini O, jinotayif AA. Tun daga nan, duk sanda aka ɗauko hirar sikila sai in ji kamar ana ba da labarin gobarar wata unguwa. Ni AA ce, wanda na ga dama shi zan aura.

Shi ya sa da maganar aurena da ɗan Baffa ta taso ban ko girgiza ba, duk da na san shi AS ne. Yaya ya san nasa tun yana jami'a, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Aka kawo kuɗin gaisuwa, aka sa rana bayan babbar sallar 2024. A watan Mayun shekarar ne Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano, har da na jinotayif, sai limamin unguwarmu ya aiko cewa ba zai ɗaura ba sai ya ga takarda, kuma sabuwa yake so, ba katin makaranta ba. Har tsaki na yi. Na ɗauka ɓata lokaci ne kawai da kuɗin adaidaita.

Muka je asibiti da safe, muka yanki kati, muka biya, muka bi layi. Matar da ta ɗebi jinina, wadda na riƙa kira Anti, ta ɗaure mini dantse da roba, ta zuƙi jinin ta juye a wata 'yar kwalba mai murfi shunayya, ta juya ta a hankali sau da yawa don kada ya daskare. Kafin nan ta tambaye ni ko an ƙara mini jini cikin wata uku da suka wuce. Na ce ban taɓa ba, me ya kawo tambayar? Ta ce jinin da aka ƙara wa mutum yana ɗaukar watanni yana yawo a jikinsa, in aka gwada a lokacin sai a karanto jinin mai bayarwa, har mai SS ya fito kamar AS. Ta ce mu dawo gobe.

Washegari ni kaɗai na koma, Yaya yana wurin aiki. Ƙanjamau babu, ciwon hanta babu. A layin ƙarshe sai na ga AS.

Na ce, "Anti, takardar wata kika ba ni."

Ta duba suna, ta duba lamba, ta ce tawa ce. Na zaro tsohon katina na ajiye mata a kan tebur kamar mai gabatar da shaida a kotu. Ta kalle shi, ba ta yi mamaki ba ko kaɗan, ta ce, "Amarya, zo ki ga abinki da idonki."

Ta shigar da ni ciki ta nuna mini wata 'yar farar takarda siririya mai jajayen layuka. Ta ce ana fasa jajayen ƙwayoyin jini ne a fitar da himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, shi ne kuma ɗan dakon iskar oksijin daga huhu zuwa ko'ina a jiki. Sai a ɗiga shi a gefe ɗaya na takardar, a sa ta a akwati, a kunna lantarki. Himogulobin yana da caji, don haka sai ya kama tafiya zuwa ɗaya gefen. Nau'in A ya fi kowa sauri, S na bin sa a baya, C kuma shi ne kurar baya. In aka kashe wuta, kowanne ya tsaya inda ƙarfinsa ya kai. Mai AA layinsa ɗaya ne can gaba, mai SS ɗaya ne a baya. Ta ɗora bakin biro a kan lambata. Layi biyu ne, a fili, ko ɗan firamare zai ƙirga.

Na tambaye ta to yaya aka yi wancan ya ce AA. Ta ce hanyoyin kuskure suna da yawa: a haɗa kwalaben mutane in an yi taro, ko maganin ya tsufa, ko a ƙi sa jinin da aka riga aka san nau'insa a gefe don kwatance. Wani wurin ma ba a gwadawa, cikewa kawai ake yi. Jinotayif dai ba ya canzawa, da shi ake haihuwar mutum da shi ake binne shi. Ta ce tunda aure ne, in je inda ake gwajin da ake kira HPLC, na'urar ta fi wannan tantancewa.

Kwana huɗu na jira wannan sakamakon, ban faɗa wa kowa ba sai Umma. A cikin kwanakin ne na tsare malamin bayoloji na makarantar da nake koyarwa. Ni Hausa nake koyarwa, rabona da bayoloji tun aji shida, kuma a lokacin haddacewa kawai muka yi don jarrabawa. Na ce, "Malam, ka yi mini bayani kamar ga 'yar aji ɗaya. Mene ne wannan S ɗin, kuma a ina yake zaune a jikina?"

Abin da na fahimta daga bakinsa, da abin da na karanta da daddare lokacin da barci ya ƙi zuwa, shi ne wannan. Jikin mutum gini ne na ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, su ne ƙwayoyin halitta. A tsakiyar kusan kowace akwai cibiya, a cikin cibiyar akwai zare, shi ne DNA. Da za a warware zaren ƙwaya guda a miƙe shi, zai kai kusan mita 2. Ba a barinsa a warware, an naɗe shi ƙulli-ƙulli kamar yadda masaƙi ke naɗe zare a kwarkwaro, kowane ƙulli shi ake kira kuromosom. Mutum yana da 46, a jere bibbiyu: 23 daga uwa, 23 daga uba. A jikin zaren akwai rubutu, da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, amma rabon da kowane mahaifi ya ba ka ya kai haruffa kimanin biliyan 3. Ƙwayar gado wani yanki ne na wannan rubutu da ke ɗauke da umarnin haɗa abu guda, kuma masu umarnin haɗa furotin sun kai wajen 20,000. Tunda komai bibbiyu ne, kowane umarni kwafi biyu gare ka, na uwa da na uba. Haruffa biyun da ake rubuta mana a takarda ke nan: A ɗaya daga wannan, S ɗaya daga wancan. Rukunin jini kuwa, su O da A da B, wata ƙwayar gado ce daban a kan kuromosom na 9, ba ruwanta da sikila, duk da mutane da yawa suna haɗa su.

Tamu tana kan kuromosom na 11. Umarninta shi ne haɗa ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin, sarƙa mai kama da carbi mai 'ya'ya 146, kowane ɗa amino asid ne. Jiki yana karanta rubutun uku-uku, kowane harafi uku na nufin ɗan carbi guda. A wurin ɗa na shida, mai A an rubuta masa GAG, mai S an rubuta masa GTG. Harafin tsakiya ne kawai ya canza, sai aka zura wani ɗan carbi mai suna balin a gurbin gulutamik asid.

Na ce, "Shi ke nan? Harafi ɗaya cikin biliyan uku?"

Malam ya yi dariya ya ce ai ni ce bai kamata in yi mamaki ba, ni da kullum nake jan kunnen ɗalibai a kan lanƙwasa. Gaskiyarsa. Ɗan ƙugiya guda ne tsakanin fada da faɗa, wanda ya manta shi ya mai da gidan sarki filin dambe.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, ko da yake sha'awa ba ita ce kalmar da ta dace da halin da nake ciki ba, shi ne yadda wannan ya haɗu da takardar Anti. Gulutamik asid yana da caji, balin ba shi da shi, shi ya sa S ke jan ƙafa in an kunna lantarki. Balin kuma ba ya shiri da ruwa, kullum neman abin maƙalewa yake. In himogulobin ya sauke iskar da ya ɗauko, sai masu S su riƙa manne wa juna su zama dogayen sanduna a cikin ƙwayar jinin. Ƙwayar da ya kamata ta kasance a zagaye, mai laushi, tana lanƙwasawa ta wuce ta ƙananan jijiyoyi, sai ta sandare ta koma siffar lauje. Irin waɗannan su ke toshe hanya, wurin da jini bai kai ba ya ɗauki ciwo. Kuma ba su da tsawon rai: lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120, mai lauje kwana 10 zuwa 20 ta fashe, shi ya sa jini ba ya isar mai sikila, idonsa kuma ya yi ɗorawa. Mai AS yana da isasshen A da ke hana wannan mannewa, don haka yawanci zai yi rayuwarsa bai san yana ɗauke da komai ba. Kamar ni.

Wani likita a Shikago, James Herrick, shi ya fara rubuta bayanin waɗannan ƙwayoyi a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka yi amfani da irin wannan dabara ta lantarki suka nuna cewa himogulobin ɗin ne da kansa ya bambanta, sannan a 1957 Vernon Ingram a Kambirij ya gano ɗan carbin da aka musanya. Mu kuwa iyayenmu sun daɗe da sanin ciwon, amosanin jini suke ce masa, abin da ke haddasa shi ne ya ɓuya. Na kuma gane dalilin da ya sa ya yi mana yawa. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa yara masu AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Inda sauro ya yi yawa, masu AS suka fi kaiwa girma su haihu, S ya yi ta yaɗuwa. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce ana haihuwar yara kimanin 150,000 da sikila duk shekara. Abin da ya kare kakanninmu shi ne ya tare mini hanya.

Takardar HPLC ta fito da wani zane mai tudu-tudu da lambobi. A ya haura rabi, S ya kusa kashi 38 cikin 100. Likitan ya ce haka AS ke fitowa, A ya rinjayi S. Na tambaye shi ko wannan na'urar ta karanta DNA ɗina ne. Ya ce a'a, jajayen ƙwayoyin jini ma ba su da cibiya balle DNA, in ana son sa sai a nema a fararen ƙwayoyi. Duka gwaje-gwajen biyu kayan da aka saƙa suke dubawa su gane umarnin da aka ba masaƙi. Ya ce a tawa matsalar wannan ya wadatar.

Daga nan abin ya tashi daga asibiti ya koma tsakar gida, inda ya fi wuya.

Gwaggo ce ta fara magana, ta ce ai dama jinin dangin uwata ne, su gidansu ba su gaji wannan abu ba. Umma ba ta ce uffan ba, ta shiga ɗaki ta fito da katunan awonta, kowanne AA. Na ce in Umma AA ce, ba ta da S ɗin da za ta ba ni, sai dai Abba. Abba ya ce shi bai taɓa kwana a asibiti ba, wane irin sikila kuma? Likita ya riga ya gargaɗe ni cewa gwajin dangi yana iya buɗe ƙofar zargi, in sakamakon iyaye bai dace da na ɗa ba a fara zargin takarda kafin a zargi mutum, ni kaina ga katina shaida. Duk da haka ban samu barci ba sai da Abba ya dawo da tasa. AS. Baffa ya ji haushi ya je don ya ƙaryata, shi ma AS, matarsa AA. Gwaggo dai ta ƙi zuwa. Ita ce kuma ta daɗe tana goranta wa Umma haihuwar mata huɗu a jere, alhali tagwayen kuromosom na 23 ne ke raba mace da namiji, uwa X kawai take bayarwa, uba ne ke zuwa da X ko Y. Na so in faɗa mata wannan ma, Umma ta harare ni.

Baffa bai sauka ba. Ya ce an gaya masa ɗaya ne cikin huɗu, to ai ɗaya cikin huɗu ba komai ba ne, in ma na fari ya zo da shi sauran ukun sun tsira. Na ce, "Baffa, ka yi mini izini in nuna maka wani abu." Na ɗauko ƙoƙo biyu, kowanne na jefa farin wake ɗaya da jan wake ɗaya. Na ce wannan ƙoƙon ni ce, wannan Yaya, fari A, ja S. Kowane ciki, ɗa zai ɗauki wake ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ido a rufe. Ya rufe ido ya ɗauka: fari da ja. Ya sake miƙa hannu, na ce a'a, sai ka mai da su, ai bayarwa ba ta rage wa uwa ko uba komai, kowane ciki ƙoƙon a cike yake. Ya mayar ya sake: fari da fari, ya yi murmushi. Na uku, ja da ja. Na huɗu, ja da ja. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ciki ba ya tuna abin da na gabansa ya ɗauka. Ma'aurata masu AS za su iya haihuwar shida babu mai SS, za su iya haihuwar uku duka SS. Wani malamin coci, Gregor Mendel, da irin wannan ƙirge na wake ya gano ƙa'idar gado a garin Burno na ƙasar Czech ta yanzu tun 1865, kafin kowa ya san DNA ce ke ɗauke da gado.

Yaya shi ma ya yi nasa ƙoƙarin, kuma ba zan taɓa ganin laifinsa ba. Ya zo da waya cike da bayanai. Ana iya gwada DNA ɗin ɗan tayi tun ciki yana wata uku. Na ce in an gwada an ga SS, sai mu yi yaya? Ya yi shiru. Akwai dashen ɓargo, an fara yin sa a Najeriya a Benin tun 2011, amma sai an samu wanda ɓargonsa ya dace, ga kuɗi, ga haɗari. Akwai kuma sabon magani mai suna Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda ake ciro ƙwayoyin ɓargon mutum a gyara DNA ɗinsu da fasahar CRISPR, don jiki ya koma yin irin himogulobin ɗin jarirai wanda ba ya lauje. Kuɗinsa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2. Na ce, "Yaya, albashina da naka na shekara nawa ke nan?" Muka yi dariya, daga nan na fashe da kuka. Ina da ɗaliba mai sikila a ajina, yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, tana shan magungunanta, kuma ina sa ran za ta yi nisa. Amma na taɓa riƙe hannunta a ofishin shugabar makaranta wata safiyar hunturu muna jiran mahaifinta, tana cizon gefen hijabinta don kada ta yi ihu. Ita ba wanda ya zaɓa mata. Ni an nuna mini ƙoƙon.

Sati biyu bayan haka Abba ya mai da kuɗin gaisuwa. Baffa ya ƙi karɓa, ya ce a ba ni in sayi abin da nake so, ni ma na ƙi taɓawa, har yau suna cikin ambulan a durowar Umma. Aka daina gaisawa sosai na 'yan watanni, aka dawo.

Saura Hajiya, kakarmu, wadda ta haifi Abba da Baffa da Gwaggo. Ita ce ta ƙulla wannan aure tun muna yara, kuma duk hayaniyar nan tana ɗakinta tana ji. Wata rana ta aika a kira ni. Ta ce, "Ke kishiya, zo nan. Wannan ciwon da kuke ta faɗa, yaya yake kama yaro?" Na ce yawanci jariri lafiya lau ake ganinsa har wajen wata shida, saboda himogulobin ɗin da ya fito da shi daga ciki bai ƙare ba. Daga nan sai hannu da ƙafa su riƙa kumbura, ya yi ta kuka ba a san dalili ba, ido ya yi ɗorawa, ciki ya yi tauri ta gefen hagu wajen saifa, zazzaɓi kaɗan ya kwantar da shi.

Ta ce in dakata. Ta fara ƙirga da yatsu. Haihuwarta tara, huɗu ba su kai shekara biyar ba, uku daga ciki haka suka yi, kumburin hannu da ƙafa da ɗorawar ido. Na san ta yi wabi, kowa a gidan ya sani, Baffa ma da aka haife shi bayansu sai da aka kai shi juji aka ajiye aka sake ɗaukowa, kamar yadda ake yi wa 'yan wabi. Abin da ban sani ba shi ne irin maganganun da ta sha. An ce nononta ne ba shi da kyau, an ce iska ce ke binta, uwar mijinta ta taɓa cewa a gabanta ita ke cinye su. Ita da mijinta Malam kuwa 'ya'yan wa da ƙani ne, kamar ni da Yaya, kuma irin wannan zumunci kashi ɗaya cikin takwas na gadon jini iri ɗaya ne, daga kakanni guda.

Ta ce a kai ta a gwada. Abba ya ce me za ta yi da shi a wannan shekarun, ta ce ba shi ta tambaya ba. Na kai ta wurin Anti, aka sha wahala kafin a samu jijiya. Washegari na kawo mata takardar na karanta mata: AS.

Ta ce, "Malam fa?"

Na ce shi ba hali, sai dai yaro ba ya zama SS sai ya karɓi ja daga uwa, ya karɓi ja daga uba. In ciwon nan ne ya ɗauke su, to shi ma yana da shi.

Ta yi shiru har na ɗauka ta yi gyangyaɗi. Can ta ce, "Ashe ba ni kaɗai ba ce." Ta miƙo hannu na ba ta takardar, ta ninke ta huɗu, ta ɗaure a bakin zaninta inda take ajiye goro. Sannan ta ce ranar Asabar in tattara ƙannena uku da 'ya'yan Gwaggo in kai su, ita za ta biya, kuma kada wanda ya zo mata da katin makaranta.